Mai Binne Baƙin Teku

Gandun bakin teku, yamma da Axim
9 ga Oktoba

Zuwa ga Gwaggo Barkisu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da 'yarki Huda da mijinta da duk mutanen gida. Yaya gwiwar taki? Ni lafiyata lau, sai dai sauro.

Na san shekara biyu ke nan ban tako ƙofarki ba, tun ranar da muka dawo daga yawon bayan Sallah mu goma sha ɗaya, bayan mun tafi mu goma sha biyu. Ni na kawo shawarar tafiyar, ni na ce wa ɗanki Taufiq akwai wata gaɓar teku da ba mutane, ba kiɗa, ba kanti. Wannan ya sa na kasa haɗa ido da ke. An ce mini tun daga kiran da aka yi miki ranar ba kya ɗaga waya, mu ma nan babu sabis. Shi ya sa na ba Baba Sadick wannan takarda, direban da ke kai busasshen kifi Kumasi duk mako.

Na bar aikin kanikanci a Magazine, unguwar garejoji ta Kumasi, tun watan Yuli. Gandun da teku ta ɗauki Taufiq a cikinsa suna neman mai gyaran mota da injin kwalekwale, sai na zo. Kada ki tambaye ni dalili, ni ma ban gama sani ba.

Wurin yana nan yadda muka bar shi. Yashi fari, tafiyar awa uku ba gida ko ɗaya, bishiyoyin kwakwa sun sunkuya wajen ruwa. Ba kujera, ba rumfa, ba mai sayar da ko ruwan sha. Mu huɗu ne a ofis, aikinmu tsare ƙwan kunkurun teku. Ƙarar ruwa ba ta tsayawa. Wani lokaci ina cikin gyaran inji sai in ji kamar an kira sunana, in ɗago, ba kowa.

Ga abin da ya sa na rubuto. A can ƙarshen gaɓar, bayan wani tafki, akwai mutum yana zaune shi kaɗai. Masunta suna ce masa Kramo, yadda suke kiran kowane Musulmi. Ba ya magana da kowa, su ma ba sa tsallaka tafkin. Ranar Talata, da yake masunta ba sa fita ranar, na je har bakin tafkin da azahar. Na hango shi yana alwala, ya fuskanci gabas ya yi salla. Gwaggo, rigar da ke jikinsa koriya ce, irin ta ƙungiyar ƙwallon unguwarku.

Da nisa na gan shi. Ban ce shi ne ba tukuna. Na ga dai bai kamata in ɓoye miki ba.

Ɗanki,
Munkaila ɗan Sanni

Kumasi Zongo
16 ga Oktoba

Munkaila,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso ranar Asabar tana warin kifi. Muna lafiya. Gwiwa tana nan, amma ina taka keken ɗinki. Huda tana da ciki wata shida.

Kakanka da ubana ciki ɗaya suka fito, don haka ba zan yi maka ƙarya ba. Na yi fushi da kai, har yanzu ban ce na huce ba. Amma da na ga rubutunka sai na rufe shago tun kafin la'asar.

Ka san ban yarda an yi wa Taufiq sallar gawa ba. Liman ya zo sau uku, dattawan unguwa sun zo, na ce a nuna mini gawa. Mutane suna cewa taurin kai ne. Ɗakinsa yana nan, ina share shi duk Juma'a.

Ka tsallaka tafkin nan. Ka duba kafaɗar rigar ta hagu. Ta taɓa yagewa a filin ƙwallo, koren zare ya ƙare mini ranar, na ɗinke da ja. Ka duba kuma goshin mutumin, Taufiq yana da tabo a kan girarsa ta dama tun yana rarrafe. Shekara biyu a bakin ruwa za ta canza mutum, ka duba da kyau. In ya manta kansa ne, ka ce masa Mma tana gaisuwa, ka ga abin da fuskarsa za ta yi.

Ni ban taɓa ganin teku ba. Huda ta nuna mini a waya na ce ta kashe. Amma in ka ce in zo, zan zo.

Kada ka bar ni ina jira.

Gwaggonka,
Barkisu

Gandun bakin teku
30 ga Oktoba

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Huda, Allah ya sauke ta lafiya. Na yi zazzaɓi kwana huɗu, na warke.

Ki zauna kafin ki karanta. Ba Taufiq ba ne. Na tsallaka, na tsaya kusa da shi kamar yadda ake tsayawa a sahu. Dattijo ne, gemunsa fari, ya haura sittin. Amma rigar tasa ce. Na ga jan zaren a kafaɗa.

Bayan bukkarsa akwai tudun yashi guda bakwai a jere, kowanne an kewaye shi da duwatsu. Kaburbura ne, an tsara su yadda muke yi. Na tambayi Ackah, babbanmu a ofis. Ya ce mutumin ya fi shekara ashirin a wurin, wai shi kaɗai ya tsira daga wani jirgin da ya nutse. Duk gawar da teku ta turo wannan ƙarshen, wadda ba a san mai ita ba, shi ke wanke ta ya binne. Abin da ke hana masunta zuwa wurin shi ne yana haƙa ramin kafin gawar ta zo.

Ban yarda ba. To ranar Alhamis na same shi yana haƙa. Ranar Lahadi da hantsi ruwa ya ajiye wani mutum a daidai wurin, ba wanda ya san shi. An sanar da sarkin ƙauyen masunta, aka zo aka duba, aka bar wa Kramo. Kaburbura sun zama takwas.

Jiya na koma, na tarar ya haƙa na tara. Ya tsaya a ciki har ƙirji, ya ɗago ya dube ni. Mutumin da aka ce bai yi magana ba shekara ashirin ya buɗe baki da Hausa, irin tamu ta Zongo, ya ce, "Mamansa tana hanya?"

Ban gaya masa ko ni wane ne ba. Ban ambaci sunan kowa ba. Ban san yadda na tsallako tafkin ba.

Gwaggo, don Allah, don Annabi, kada ki zo. Ban san ramin nan na wane ne ba. Kada ki zo wurin nan. Zan nemi izini in zo Kumasi da kaina in yi miki bayani.

Ɗanki,
Munkaila

Kumasi Zongo
8 ga Nuwamba

Munkaila,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Allah ya ƙara sauƙi, na ga kamar ka rubuta zazzaɓi.

Mako uku ina zuwa kasuwa ina tsayawa inda ake sauke kifi. Jiya Baba Sadick ya miƙo mini takardarka yana ba da haƙuri. Ruwan sama ya kama su a hanya, jakarsa ta jiƙe. Na shanya ta a kan keke, na bi ta da dutsen guga, amma tawadar ta gudu. Rabinta shuɗin tabo ne kawai.

Ga abin da na iya fitarwa, ni da Huda. "Taufiq." "Na tsallaka, na tsaya kusa da shi." "Rigar tasa ce. Na ga jan zaren." Sai wani dogon wuri da ya lalace, Huda ta ce ta ga kalmar duwatsu, ban ga amfaninta ba. Sai "ya buɗe baki da Hausa, irin tamu ta Zongo." Sai "Mamansa." A ƙasa kuma "don Annabi," sai tabo, sai "ki zo." Har sau biyu ka rubuta ki zo.

Alhamdu lillahi. Na yi sujada a tsakiyar shago, mai kawo ɗinki tana tsaye.

Huda ta ce in jira wata takardar, wai ba a gina magana a kan rabin takarda. Na ce ita ba ta haihu ba tukuna. Na ɗinka masa kaftani fari, na ƙara faɗi kaɗan ko ya canza. Baba Sadick zai koma ranar Litinin, zan zauna a gaban motarsa. Wannan takardar na ba wani abokin aikinsa da zai riga mu tashi, don ka shirya.

Kada ka gaya masa ina zuwa, kada ya tsorata ya gudu.

Barkisu

Gandun bakin teku
18 ga Nuwamba

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin isa gida lafiya. Ni jikina lafiya, hankalina ne dai bai dawo ba.

Takardarki ta takwas ga wata sai jiya ta shigo hannuna. Da na ji shiru, na karɓi izini na taso ranar Litinin ɗin nan da kika taso. Wataƙila ma mun wuce juna a hanya. Na iso Zongo da la'asar, Huda ta buɗe ƙofa, ta ce, "Kai kuma me kake yi a nan? Mma ta tafi wurinka." Ta ɗauko mini takardata da ta jiƙe. Na ga inda ruwa ya cinye "kada" sau biyu, ya bar sauran. Abin da na rubuta shi ne kada ki zo. Na rubuta miki cewa ba Taufiq ba ne.

Na juya a take. Ruwa ya haye wata gada a hanyar da motarmu ta bi, muka kwana uku a gefen titi. Na iso ranar Juma'a da hantsi, ofis a rufe, duk sun fita sintiri. Na yar da jaka na kama gudu a kan yashi. Ba sawun kowa sai na kaguwa. Na faɗa tafkin da kayana.

Bukkar ba kowa. Ramin na tara an rufe shi, yashin bai gama bushewa ba, an jera duwatsu. Gwaggo, na durƙusa a wurin ina kiran sunanki. Ban san tsawon lokacin da na yi ba. Ackah ne ya zo ya ɗaga ni, ya ce kin tafi da ƙafarki ranar Laraba, wanda ke ciki Kramo ne. Ya ce ranar Talata kin tsallaka ke kaɗai, kin daɗe kafin ki dawo. Iyakar abin da ya sani ke nan.

Da nake durƙushe ina zaton ke ce a ciki, abin da ya fi ci mini rai shi ne kin tafi ban gaya miki gaskiya ba. To ga ta. Ranar da abin ya faru ba daga nesa na gani ba, kamar yadda na faɗa wa kowa. Tare ruwan ya ja mu, ni da Taufiq. Na kama hannunsa, na riƙe wuyan hannun da hannuna na dama. Igiyar ruwa ta biyu ta rufe mu, da na ɗago hannuna ba komai. Ni na sake shi, Gwaggo. Ban san lokacin ba, amma ni ne ke riƙe. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko mahaifina.

Ba na roƙon ki yafe. Ki gaya mini dai abin da mutumin nan ya ce miki.

Munkaila

Kumasi Zongo
25 ga Nuwamba

Ɗana Munkaila,

Wa alaikumus salam. Na iso lafiya, gwiwa ta kumbura saboda yashi, tana saɓewa. Huda tana gaishe ka. Wannan karon na sa takardar a leda biyu.

Zan faɗa maka yadda aka yi, ka karanta har ƙarshe.

Da na ga teku sai na kama hannun Baba Sadick kamar yarinya. Ban san akwai abin da ba shi da ɗaya gefen ba. Na ce a raina, a cikin wannan nake ta share ɗaki ina jira. Ackah ya ce ba ka nan, ya so ya hana ni, ya nuna mini hanya da ya ga ba zan hanu ba. Na ɗaure zane na shiga tafkin, ruwa har ƙugu, kaftanin a kaina.

Yana zaune a bakin bukka. Tun daga nesa na san ba ɗana ba ne, uwa ba ta bukatar tabon gira. Na tsaya da ruwa yana zuba daga zanena, na ji kamar a ranar aka kira ni a waya. Ban yi kuka ba. Na yi sallama, ya amsa.

Ya ce, "Kin daɗe, Mma."

Na ce, "Wa ya ba ka rigar ɗana?"

Ya ce, "Shi. Ya ce in sa, don a gane."

Ya tashi na bi shi. Ya wuce kabari biyar, ya tsaya a na shida, ya ce, "Ga shi nan. Na wanke shi, na sallace shi ni kaɗai. Likkafanin ba mai kyau ba ne, tsumman jirgi ne, ki yi haƙuri."

Na zauna a yashi. Na ce ashe da ransa ya fito, tunda har ya yi magana. Kwana nawa ya yi a wurinka, me ya sa ba ka nemo mu ba?

Ya girgiza kai. Ya ce, "Kwana tara ya yi a ruwa kafin ya iso."

Na ce, "To yaya aka yi ya gaya maka?"

Ya ce, "In ana wanke su suna magana. Ba duka ba."

Rana tsaka ce, Munkaila, zafi kamar me, amma tsigar jikina ta tashi. Na ce a raina tsohon nan kaɗaici ya taɓa shi. Na miƙe zan tafi. Sai ya ce saƙo biyu ne. Na farko, wai in daina ajiye masa ƙanzon shinkafa a tukunya. Ba wanda ya san ina yin haka, ko Huda. Na koma na zauna.

Na biyu naka ne. Ga yadda ya faɗa, ban ƙara ba ban rage ba: "A gaya wa mai gyaran mota ba shi ya saki ba. Ya riƙe da ƙarfi, mu biyu za mu tafi. Ni na murɗe hannuna."

A lokacin ban gane ba. Kai ka ce mana daga gaɓa ka hango. Na riƙe maganar ina juya ta har gida, sai da takardarka ta zo na karanta. Ka lissafa da kanka: ranar Talata ya faɗa mini, kai ranar Asabar ka rubuta abin da ba ka taɓa gaya wa kowa ba. Na je wurin Liman, ya ce gaibu na Allah ne, in yi addu'a in bar bincike. Na bari.

Da zan tafi na nuna ramin da ke buɗe, na ce na wane ne. Ya ce, "Gobe da safe ki zo da namiji wanda ya iya wanka. Shekara ashirin ina jiran wanda zai yi mini." Na tambayi sunansa da garinsu, ko akwai wanda za a gaya wa. Ya ce sunansa Mukhtari, sauran kuma duk suna cikin ruwa.

Da safe muka tsallaka da Baba Sadick. Mun same shi kwance a gefen dama, fuska gabas, ya ninke koriyar rigar ya ajiye a gefe, ya cika tulu biyu da ruwan tafki. Aka kira sarkin masunta da mutanensa suka gani. Baba Sadick ya wanke shi. Ni kuma na zauna a gindin kwakwa na warware kaftanin nan da reza, ɗinki bayan ɗinki, aka yi masa likkafani. Na tambayi Baba Sadick ko ya ji wani abu lokacin wankan. Ya ce in bar shi ya tuƙa mota.

Akwai abu ɗaya da na so in ɓoye maka, amma amana ce. Ya ce a gaya maka shebur yana bayan bukka. Na faɗa, na sauke. Ban ce ka ɗauka ba.

Ranar Juma'a ta sama za a yi wa Taufiq addu'a a ƙofar gida. Na gaya wa Liman da kaina. Ka zo. Kai za ka tsaya a wurin ɗan'uwansa ka karɓi gaisuwar maza. Shekara biyu na ɗora maka abin da ba naka ba, kai ma ka ɗora wa kanka. Na yafe abin da ke akwai, kai ma ka yafe mini.

Uwarka,
Barkisu

Gandun bakin teku
28 ga Nuwamba

Mma,

Assalamu alaikum. Ina lafiya. Na karanta takardarki sau huɗu, na shiga bayan mota na yi kukan da ban yi ba tun ranar. Na gode. Allah ya saka.

Na karɓi izini, zan iso ranar Alhamis in sha Allah.

Jiya da hantsi teku ta ajiye wani mutum a bayan tafki. Sarki ya zo, aka duba, ba wanda ya san shi. Masunta suka tsaya daga nesa suna kallona, don ni kaɗai ne Musulmi a wurin. Na je bayan bukka na ɗauko shebur. Ban haƙa ba sai da ya iso, ki kwantar da hankalinki.

Na wanke shi yadda Malam ya koya mana a makaranta, na fara da dama. Na gama, na sallace shi, na jera duwatsu.

Bai ce mini komai ba, Mma. Na saurara.

Ɗanki,
Munkaila